Kalmar "stormtrooper": kowa ya faɗi inda ta taɓa kayar da shi

Tafinta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bari in fara tona asirin kaina kafin in nemi naku. Aikina fassara labaran ƙasashen waje daga Turanci zuwa Hausa. A watan Yulin 2020, ana tsakiyar zanga-zanga a birnin Portland na Amurka, gwamnatin tarayya ta tura jami'anta sanye da kaki irin na soja, suna damƙe mutane suna jefawa cikin motocin da ba su da wata alama. Shugabar majalisar wakilai ta lokacin, Nancy Pelosi, ta kira su "stormtroopers". Labarin ya iso teburina saura minti goma a karanta shi. Na san rabin farko na kalmar, na san rabin ƙarshe, sai na liƙa su na rubuta "sojojin guguwa". Haka aka karanta.

Washegari dattijon da ke duba aikinmu ya ajiye takardar a gabana, ya zagaye wurin da jan biro, ya ce, "Wannan guguwar taka daga gabas ta taso ko daga yamma?" Bai ƙara ko uffan ba, ya wuce. Har yau idan na tuna sai in ji zufa a bayana.

To ina son jin naku. A ina kuka fara karo da kalmar, me kuka ɗauka tana nufi, kuma wa ya gyara muku?

Ɗan kallo:

Wa'alaikumussalam Malam Tafinta. Ai kai da sauƙi, ka dai san soja ne na gaske. Ni shekara da shekaru na yi imani cewa masu fim ɗin Star Wars ne suka ƙirƙiro sunan a 1977, don waɗancan masu farin sulke da ke harbi ɗari ba su sami ko mutum ɗaya ba. Har musu na yi da wani abokina, na rantse na maya. Ya ciro waya ya nuna mini hoton wasu Jamusawa na 1918, da hular kwano, da buhu rataye a kowace kafaɗa. Na ce wannan buhun na mene ne? Ya ce gurneti ne a ciki. Na yi shiru na haɗiye rantsuwata.

Malamar tarihi:

Ɗan kallo, kai da ɗalibaina tafiyarku ɗaya. Ranar da na fara ambatar kalmar a aji, ina koyar da Yaƙin Duniya na Ɗaya, rabin ajin suka fashe da dariya, wani har yana kwaikwayon ƙarar bindigar fim. Na rasa ta inda zan ɓullo musu, sai na ce kowa ya tashi. Muka jera tebura biyar a tsakiyar aji, da tazara tsakaninsu. Na ce kowane tebur bindiga ce mai jigida, bayanta akwai mutum biyu, gabanta waya mai ƙaya. Na ce da sauran su jeru kafaɗa da kafaɗa su tunkari teburan, yadda aka riƙa yi a farkon yaƙin. Ba su yi taku uku ba na ce duk kun mutu, ku koma. Suka sake, na sake kashe su. A karo na uku wata yarinya ta ce, "Malama, to dole ne sai mun tunkari teburin? Ga hanya tsakaninsu." Na ce ke kin gano abin da ya ci manyan janar-janar shekaru.

Asalin kalmar Jamusanci ce. Suna cewa Sturmtruppen, ko Stosstruppen. Sturm a wurinsu hadari ne, haka ne, amma kuma ita ce kalmar far wa ganuwa ko sansani da ƙarfin tsiya, kuma ita Turancin ma haka take da fuska biyu. Stoss kuwa turawa ce ko suka. Saboda haka babu ruwan iska ko ruwan sama a zancen, Malam Tafinta. Dakarun farmaki ne, masu buɗe ƙofa.

Daga ƙarshen 1914 yaƙi ya cije a yammacin Turai. An haƙa ramuka tun daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, kowa ya shige nasa, duk wanda ya ɗago kai ya sha dalma. A watan Maris na 1915 Jamus ta kafa wata ƙaramar runduna ta gwaji ƙarƙashin wani Manjo Calsow. Dabararsa ita ce a tura ƙananan igwa gaba ana fakewa da garkuwar ƙarfe. Abin bai yi ba, igwan da zarar sun yi harbi sai su tona inda suke, aka yi asarar mutane. A watan Satumba na shekarar aka miƙa rundunar ga Kyaftin Willy Rohr, kuma shi ne ya juya lissafin. Ya ce a bar jeren sahu. A fita ƙungiya-ƙungiya, mutum shida zuwa goma, a bi ramukan da harsashin igwa ya haƙa ana rarrafe, kowace ƙungiya da nata kayan: gurneti mai mariƙin itace, gajeriyar bindiga da ba za ta maƙale a lungun rami ba, ƙaramar bindiga mai jigida, wani lokaci da na'urar feshin wuta. Har facin fata aka ɗinka musu a gwiwa da gwiwar hannu saboda jan ciki. Mutanensa na cikin waɗanda suka fara gwada hular kwanon nan da aka san sojan Jamus da ita. Sun shiga yaƙin Verdun na Faransa a Fabrairun 1916, a watan Afrilu aka ɗaga su zuwa bataliya, a watan Oktoba kuma Janar Ludendorff ya ba da umarni kowace babbar runduna a fagen yamma ta kafa irin tata.

Abin da yarinyar nan ta gano shi ne gishirin dabarar: inda ka tarar da ƙarfi kada ka tsaya kokawa, ka zagaye ka wuce, na baya za su ji da shi. Kai dai ka kutsa har inda igwa da ofishin kwamanda suke, ka tsinke waya, ka bar na gaba suna waige. An ga aikinta a birnin Riga na Latvia a Satumban 1917, sai Caporetto a Oktoba inda rundunar Italiya ta watse, sannan martanin da Jamus ta mayar a Cambrai ta Faransa a ranar 30 ga Nuwamba. Jaridun abokan gaba suka laƙaba wa dabarar sunan Janar Hutier saboda shi ya ci Riga, alhali ba shi ya ƙirƙira ba. Wannan kuskuren har a wasu littattafan karatu yana nan, kullum sai na ce da ɗalibai su ja layi a ƙarƙashinsa.

Tsohon saje:

Malama, Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na yi shekara 22 da kaki kafin in ajiye, kuma ban taɓa jin wani malamin horo ya kira mu da wannan suna ba. Amma abin da kika kwatanta da tebura, wallahi shi aka koya mana a fili, cikin rana, da ƙasa a baki. Ana raba mu biyu. Kashi ɗaya su kwanta su yi ta wuta don abokin gaba ya sunkuyar da kai, ɗaya kashin su tashi da gudu taku kaɗan su zube, sai a yi musanya. Idan ka wuce taku biyar ko shida ba ka kwanta ba, malamin zai zo ya tsaya a kanka ya ce ya riga ya aika wa uwarka da kayanka.

Abu ɗaya nake so in ƙara, don mai karatu a littafi ba lallai ya ji nauyinsa ba. Da zarar an ce mutum takwas su tafi su kaɗai cikin hayaƙi, to hafsa ba ya ganinsu, ba ya jinsu. Kofur ne zai yanke shawara, dama ko hagu, a jefa gurneti ko a wuce. A sojan da, kofur karen farautar hafsa ne kawai, aikinsa ya daidaita sahu ya yi tsawa. Ranar da aka ce masa "kai ne mai shawara", ranar aka haifi sojan zamani. Ni a ganina wannan ya fi feshin wutar da ake ta zuzutawa.

Na tuna daren farko da aka ba ni mutum bakwai a atisaye, aka nuna mini wani tudu aka ce kafin asuba. Harsashin bogi ne, ba mai mutuwa, amma hannuna rawa yake har na kasa buɗe taswira. To ka ƙiyasta yaro ɗan shekara 20 da na gaske.

Malamar tarihi:

Baba, na gode, wannan zan kai shi aji yadda ka faɗa. Kuma zancenka na yaro ɗan 20 shi ne inda dabarar ta ci kanta. Ranar 21 ga Maris 1918 Jamus ta zuba duk abin da take da shi. Igwa sama da 6,000 suka yi aman wuta na kimanin awa biyar tun kafin gari ya waye, sannan dakarun suka fita cikin hazo mai kauri. A ranar kaɗai an kama sojojin Birtaniya kusan 21,000. Cikin mako biyu sun ci wajen kilomita 60, abin da ba a gani ba a fagen yamma tun 1914. Amma ba su kai Amiens ba, mahaɗar jiragen ƙasan da suke hari. Mutum da ƙafa ya fi dokin da ke jan igwa sauri a cikin taɓo, sai suka bar abinci da harsashi a baya. Zuwa 5 ga Afrilu aka dakatar da farmakin, Jamus ta yi asarar mutum wajen 240,000 tsakanin matattu da raunana da kamammu. Kuma su waye a gaba? Waɗanda aka tsamo ɗaya bayan ɗaya daga kowace runduna, matasa masu jini a jika, aka fi ba su abinci, aka ɗauke musu gadin rami. An kwashe zaratan an ƙone su cikin ɗan lokaci, aka bar rundunonin da aka tsame su ba ƙashin baya.

Ɗalibi a Jamus:

Ni tawa ta fi ta kowa muni, don a gaban masu harshen na yi ta. Shekarata ta farko a nan, muna buga ƙwallo da abokan karatu, 'yan gabanmu uku suna da gudu kamar me. Na ji ana kiran ɗan wasan gaba Stürmer, layin gaba kuma Sturm, na kuma san Abteilung sashe ne. Don in burge, bayan mun ci wasa na ɗaga hannu na ce ga Sturmabteilung ɗinmu. Wurin ya yi tsit. Ba wanda ya yi fushi, amma ba wanda ya kalle ni. Can wani ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali, "Kada ka sake faɗin wannan, ko da wasa."

A daren na zauna na karanta. Sturmabteilung, wato SA a taƙaice, ita ce rundunar 'yan daban jam'iyyar Nazi, masu riga ruwan ƙasa. Sunan tsohuwar rundunar Calsow da Rohr ne suka ara a 1921, don a riƙa yi musu kallon jaruman fagen fama. Aikinsu na farko gadin zauren taron Hitila da fasa taron wasu. Su ne suka tsaya a ƙofar shagunan Yahudawa ranar 1 ga Afrilu 1933 suna hana ciniki. Zuwa 1934 sun kai wajen miliyan 3, lokacin da yarjejeniyar Versailles ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta ƙayyade sojan ƙasar ga mutum 100,000. Shugabansu Ernst Röhm ya so ya haɗiye rundunar soja, janar-janar suka ƙi, Hitila ya zaɓi janar-janar. Daga 30 ga Yuni 1934 aka bi shugabannin SA ana kashewa, shi Röhm aka harbe shi a kurkuku. A Jamus ta yau amfani da tambarinsu ko takensu a bainar jama'a laifi ne da kotu ke hukuntawa.

Bayan shekara biyu wancan abokin ya kai ni wani dutse a yankin Alsace na Faransa, Hartmannswillerkopf, inda mutanen Rohr suka yi faɗa a ƙarshen 1915. Ramukan suna nan. Na Jamusawa da siminti da matakala, wayar ta yi tsatsa amma ba ta ruɓe ba. Akwai inda na tsaya a ramin wannan ɓangare, shi ya tsaya a na wancan, muna magana ba tare da ɗaga murya ba. Nan na gane dalilin buhun gurnetin da Ɗan kallo ya gani a hoto. A irin wannan kusanci doguwar bindiga sanda ce kawai.

Tafinta:

Ɗan'uwa, sannu da wannan. Kenan ita Pelosi ba mutanen Rohr take nufi ba sam.

Ɗalibi a Jamus:

Ko kusa, Yaya. Duk ɗan siyasar da ya jefi jami'an tsaro da kalmar nan a Turai ko Amurka, SA yake nufi, zagi ne. Yana cewa ne waɗannan ba doka suke wa aiki ba, mutum ɗaya suke wa.

Mai gyaran rubutu:

Malam Tafinta, kada ka ji kai kaɗai ne. Ni 'yar'uwarta ce ta kayar da ni, wato "shock troops". Wani matashi ya kawo mini fassarar wani rubutu kan faɗuwar Barlin a 1945, ya rubuta "rundunar da ta kaɗu ta uku". Ni kuma na karanta, na ga jimla ta zauna, na sa hannu. Sai da aka buga wani mai karatu ya aiko yana tambaya, idan su da suka kafa tuta a kan ginin majalisar Jamus ne suka kaɗu, to waɗanda ke cikin ginin fa? Ashe Tarayyar Sobiyet tana da manyan rundunoni biyar da take kira da sunan duka ko naushi, waɗanda ake tara wa igwa don fasa sahun gaba, kuma ta ukunsu ce ta far wa ginin majalisar, wato Reichstag, a ƙarshen Afrilu. Su ne masu kaɗawa, ba su ake kaɗawa ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka a kan waɗannan kalmomi. Idan sojan 1915 zuwa 1918 ne, ina sa "dakarun farmaki na Jamus". Idan SA ce, "'yan bangar Nazi". Idan zagi ne na siyasa, sai in rubuta cewa wane ya kwatanta su da 'yan bangar Hitila, don mai sauraro ya ji zafin da mai maganar ya nufa. Idan na fim ne, in bar musu sunansu.

Tsohon saje:

'Yan banga ta zauna daram a kan waɗancan. Amma don Allah kada a haɗa su da soja. Wanda ya tunkari bindiga mai jigida daban, wanda ya tari tsoho mai shago da kulki daban.

Malamar tarihi:

Baba, da zuciya ɗaya nake son in yarda da kai, amma tarihi bai raba su tsaf haka ba. Da aka ajiye makamai a Nuwamban 1918, da yawa cikin waɗannan matasa ba su iya komawa gida sun zauna ba. Ba su san wata sana'a ba sai wannan, kuma an riga an gaya musu sun fi kowa. Suka shiga rundunonin sa-kai da ake kira Freikorps, suna murƙushe boren 'yan gurguzu a titunan Barlin da Munich, daga can wasu suka zarce SA. Röhm kansa kyaftin ne da ya sha rauni a yaƙin, tabon yana fuskarsa. Mafi yawan miliyoyin da suka cika SA daga baya yara ne da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba, wannan gaskiya ne, aron suna suka yi. Amma waɗanda suka ɗora harsashin ginin sun san rami.

Italiya ma haka. A 1917 ta kafa nata dakarun farmakin, Arditi, ma'ana masu ƙarfin hali, makaminsu wuƙa da gurneti. Bayan yaƙi wasunsu suka zama 'yan gaba-gaban Mussolini. Wasu kuma, a 1921, suka kafa ƙungiyar da ta yaƙi 'yan Mussolinin a titi. Horo ɗaya, wuƙa ɗaya.

Tsohon saje:

To Malama, na ji. Na kuma san irinsu. Akwai wanda muka ajiye kaki tare, har yau idan ƙofa ta buga da ƙarfi sai ka ga idonsa ya canza. Ba zan ce komai a kansa ba.

Ɗan kallo:

Ni fa tambayata ga masu fassara: me ya hana ku ce "sojojin ƙundumbala" ku huta? Kowa ya san ta.

Mai gyaran rubutu:

Na gwada, ƙanena, ba ta shiga ko'ina ba. Yau idan ka ce sojan ƙundumbala, abin da mai sauraro ke gani shi ne mutum goma da aka sauke daga jirgi cikin dare, su kuɓutar da wani ko su kashe wani, su ɓace kafin asuba. Su kuwa mutanen Rohr ba ɓacewa suke ba, ƙofa suke ɓallewa ga dubban da ke biye da su, kuma daga baya aikinsu ya koma koyar da sauran sojoji dabarar. Na taɓa ganin wanda ya sa "'yan ƙunar baƙin wake", wannan kuwa ɓarna ce tsagwaronta, don duk horon nasu a kan yadda za a isa da rai ne. "Dirar mikiya" tana da daɗi a baki, amma mikiya daga sama take zuwa, waɗannan kuwa da ciki suke jan ƙasa.

Tafinta:

Na kwafe duka na ajiye. Dattijon nan mai jan biro ya yi ritaya bara, amma ina da lambarsa. Yanzu na tura masa saƙo cewa guguwar daga Jamus ta taso, a watan Maris na 1915. Ya karanta, alamar ta nuna. Yana ta rubutu yana gogewa, har yanzu bai turo ba.